Ranar da Malam Ya Ga Jininsa

Mahaifina malami ne, yana karantar da manya a zaurenmu na Matameye bayan la'asar. Sa'ad da 'yata ta fari ta sami gurbin karatun gwajin jini a Damagaram, bai hana ba, amma ya ja ni gefe.

"Tsorona guda ne," in ji shi. "Kada ta dawo tana ce mana sauro ke kashe mutum, ba ajali ba."

Na ce Allah Ya tsare. Ni tela ne, ban san abin da ake koyarwa can ba, balle in ba shi tabbaci.

Da ta gama, aka ba ta aiki a asibitin gari, a ɗakin gwaji da ake ce wa labo. Wasan jika da kaka bai sake ba, yana ce mata amarya, tana ce masa tsohon miji. Amma da ta ɗauko zancen aikinta sai ya jawo carbi.

Wata damina, gero ya fara fid da kai, masassara ta kwantar da shi. Ya sha rubutu, ya sha jiƙon dogon yaro, jiki ya ƙi. Na goya shi a babur zuwa asibiti, lokotoro, wato likita, ya tura mu labo. 'Yar tawa ce a bakin aiki. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tsaga masa yatsa, ta shafa jinin a ɗan gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa abu girma.

"Malam, zazzaɓin cizon sauro ne."

"Ke kika gani, ko gaya miki aka yi?"

"Ni na gani."

"To, nuna mini."

Muka tallabe shi ya sa ido. Da fari ya ce hazo kawai yake gani. Ta murɗa wani abu a gefe, sai abin ya fito masa sarai. Ta ce masa masu kama da faifai jininsa ne, ɗan zoben da ke cikinsu kuwa shi ne cutar. Ta bayyana masa yadda sauro ke zuba ta da yawunsa, ta wuce hanta ta ɓuya ta hayayyafa, sannan ta fito ta auka wa jini.

Ya ɗago kai, gumi na zuba. "Wannan ɗan abin, wa ya nuna masa hanyar hanta?"

Ta yi murmushi. "A makaranta an nuna mana hanyar da yake bi, Malam. Wanda Ya nuna masa kuwa, kai ka koya mini sunanSa tun ina bisa cinyarka."

Ya sake sa ido, ya daɗe, yana ta faɗin subhanallahi a hankali. Ni dai na juya ina kallon bango, don kada ma'aikata su ga idona. Ban taɓa jin girman zama uba da zama ɗa a lokaci guda ba kamar ranar.

Ya sha ƙwayoyin da aka ba shi da bisimilla, ya miƙe. Da ya koma zaure, wani Alhaji mai sayar da hatsi, mutumin Kance, ya tambaye shi ko rubutu ne ya yi aiki ko maganin asibiti.

"Mai warkarwa guda ne," in ji Malam. "Amma abin da ya kayar da ni, na gan shi da idona, jikata ta nuna mini. Kowa ya je ya ɗaura wa iyalinsa gidan sauro."

Ba wai daga nan shi da jikar tasa suka daina musu ba. Har ya rasu suna ja-in-ja a kan ganin watan azumi, ita tana kawo lissafin masu nazarin taurari, shi yana cewa sai ido ya gani. Sukan zauna a ƙofar shagona da shayi, ni ina ɗinki. In musun ya yi daɗi, nakan ɗage ƙafa daga keke in saurara.