Salkar Kura da Birkin Baba Ɗan-Azumi

Shekaranjiya na tsallake rijiya da baya. Amma bari in fara da Inna Dije, kakata ta wajen uwa, don ba domin ita ba da ban san inda nake yanzu ba.

A Gangara muka tashi a gabanta. Man gujiya, wato gyaɗa, take yi na sayarwa, saboda haka tatsuniyarta ba ta jiran a ci tuwo. Da an sallame magariba za ta zauna gaban murhu tana gasa gujiyar gobe, mu jikoki mu kewaye kaskon, kunne na wajenta, ido na kan gujiya. Wanda ya miƙa hannu ya sha muciya. Sai ta ce, "To, ga ta nan tafe, ku matsa mata ta zauna." Mu kuwa mu matsa da gaske.

Wadda muka fi so ita ce ta Kura da salkarta, wato jakar fatar akuya da ake zuba ruwa. Kullum Kura za ta cika ta fal a rijiya, ta rataya a baya, kafin ta isa gida saura rabi. Ta shaƙe Dila, ta ce shi ke bin ta yana zuƙa. Ta mari ƴaƴanta. Ta sayi laya ta ɗaura a bakin salkar. Da abin ya ishe ta sai ta riƙa ƙara ruwa a kowace rijiya ta hanya, bayanta jagab, tana cewa zufa ce. Kurege ne ya tausaya mata. A nan Inna takan matse hanci ta yi muryarsa: "Ranki ya daɗe, share ƙasa ta bushe, ki ajiye salkar, ki zauna a kai, ni in leƙa." Kura ta zauna daɓas, ruwa ya yi tsartuwa daga hammatar akuyar, inda ƙaya ta huda, ya tsone wa Kurege ido. Mukan yi dariya har wani ya faɗa toka. Inna ta ce, "Ta tashi, kowa ya kakkaɓe zanensa."

Shekaranjiya na taso daga Belbeji zan koma Tanut a tsohuwar a-kori-kurar Baba Ɗan-Azumi, wadda ƙofarta da igiya ake ɗaure ta. Na samu gaba, kusa da wata Hajiya mai kaji huɗu a cinya. Baya kuwa buhunan hatsi ne da raguna da masu su. Mun kama wani gangare, rijiya a ƙasa cike da shanu, sai na ga Baba ya taka birki, ƙafarsa ta nutse har ƙasa kamar ya taka kunu. Ya taka, ya taka, ya taka. Hajiya ta saki kaji ta kama salati. Ni ban iya ko salatin ba, sunan malamin lissafinmu na lakkol, wato makarantar boko, kawai nake kira, ban san dalili ba. Baba ya karya kan motar cikin rairayi, ta nutse ta tsaya, tsakaninmu da wani bijimi bai fi taku uku ba. Bijimin bai ko daina tuƙa ba.

Baba ya buɗe gaban mota, ya leƙa ɗan gwangwanin man birki. Ƙaf.

"Da safen nan na cika shi! Wallahi bakin maƙwabcina Ilu ne. Jiya ya ce motata ta tsufa."

"Ai ba ƙarya ya yi ba," in ji Hajiya, tana ƙirga kaji.

Ya ɗauko rabin kwalbar man da ta rage masa zai juye, wai idan ta ƙare akwai ruwan sabulu da zai zuba a madadin man, mu hau mu tafi. Ga gangare biyu a gaba, waɗanda suka fi wannan. Ina kallon kwalbar nan sai na ga Kura a bakin rijiya, bayanta jagab.

"Baba, don Allah, kafin mu hau. Man nan wani wuri yake zuwa."

"Ƴar lakkol, a ajinku ana koyar da birki ne?"

"A'a, Baba. Kakata ce ta koya mini."

Mutanen baya suka kwashe da dariya, amma babu wanda ya hau. Dole ya yarda. Muka tura motar kan busasshen rairayi, na share ƙarƙashinta da takalmina. Ya zuba man kaɗan, ya shiga. Na ce ya taka sau da yawa, sannan ya danne kar ya ɗaga.

"Yana tauri, sai kuma ya sulale a hankali," in ji shi.

Na durƙusa na bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Na gaba a bushe. A ta baya ta hagu sai ga rairayi yana yin baƙi ɗis, ɗis. Na matsa in gani da kyau, Baba ya sake takawa, man ya tsarto mini a goshi. Siririn bututun ƙarfe ne ya huje, daidai inda wata waya ke gurzarsa. Da wayar Baba ya ɗaure layar tsarin mota.

Ya kwance layar ya sa a aljihu, ya daddaƙe bututun da guduma har ya toshe, ya zuba sauran man. Birki ya ɗan yi tauri. Da birkin ƙafa uku muka rarrafa zuwa Tanut, jakuna na wuce mu, a kowane gangare mu sauka mu bi shi a ƙasa.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar don a yi wa Kura dariya ce. Yanzu na gane Inna, mai zuba mai a tukwanen ƙasa tun tana budurwa, aikinta take koya mana: kafin a zargi maƙwabci, a share ƙasa a leƙa. Allah ya jiƙanta. Tsoron bai sake ni ba tukuna. Yau a tasha sai da na durƙusa ƙarƙashin motoci uku kafin na shiga ta huɗu, wata mata ta durƙusa tare da ni tana tambaya wane irin ɗan kunne ne ya faɗi.