Ƙafa ta Huɗu Daga Dama

Har yau in na ga mutum da jakar laftof a kafaɗa da tabarau a goshi, raina sai ya ɓaci kafin ma ya buɗe baki. Laifin wani injiniya ne da aka turo mana daga Kano a wata bazara, lokacin ina da shagon gyaran kayan sola a Kazaure.

A wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa an yi musu rijiyar burtsatse mai aiki da sola. A gindin tankin akwai akwatin ƙarfe, cikinsa wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba, mu masu gyara bod muke ce mata. Rana na fitowa sai ta tashi, ta duba ko tanki ya yi ƙasa, ta kunna famfo. A gefenta akwai ƙafafu sirara jere biyu kamar haƙoran matsefi, kowace da aikinta. A ɗaya daga cikinsu ake soke jar wayar da ta sauko daga ƙwallon robar da ke iyo a cikin tanki.

Makullin akwatin yana hannun wani dattijon Bafulatani da ya daina yawon kiwo ya zauna noma. Baffa nake ce masa. Bai yi boko ba, amma ya sauke Alƙur'ani tun ba a haife ni ba. A igiyar wuyansa yake rataye makullin nan, kuma duk mai shanun da ya zo shayarwa sai ya gaishe shi tukuna. Ba albashi ake ba shi ba. Girman kawai yake ci, kuma girman ya ishe shi.

Wata rana ina kasuwar Babura, ina ta ja-in-ja da wani Banijare mai batura da ya kafe sai dai sefa, kuɗin ƙasarsu, sai ga kiran Baffa. Ya ce zanzaro ya yi gini a cikin akwatin, garin kankarewa wata jar waya ta fice.

Na ce, "Baffa, abu mai sauƙi. Jeren sama, ka ƙirga ƙafa huɗu, ka soke ta a ta huɗun."

Ya ce, "To, ɗana. Allah ya yi albarka."

Na kashe salula na koma cinikina. Ban sake tuna maganar ba.

Washegari rana ta fito, bod ya ƙi tashi. Jar fitilarsa na ci, koriyar da ke ƙyaftawa in yana aiki ko motsi. Tanki ya ƙafe. Da yake kamfanin da ya kafa rijiyar ya hana kowa taɓa ta sai mutanensa, aka kira su, suka turo gwaninsu.

A shagona yake yada zango, don nan ne akwai wuta da fanka. Mutum ne da ba ya iya jimla ɗaya ba Turanci uku a ciki, kuma in yana magana silin yake kallo. Ya je ƙauyen, ya ɗauki hoton akwatin da salularsa, ya cire bod ya kawo kan teburina. Yana sa masa wuta ya tashi garau. Ya ce ai memori ne, ɗan katin da ke ajiye bayanansa, ya yi datti. Ya goge, ya yi sabon lodin manhaja, ya mayar, ya soke kowace waya inda hoton ya nuna. Bod ya yi shiru.

Ya koma Kano ya zo da sabon memori. Shiru. Ya koma ya zo da sabon bod fil a leda. A kan teburina lafiya lau, a ƙauye gawa. Ko mai gyaran rediyo na bakin tasha zai tsaya ya tambayi kansa abin da ke ƙauyen wanda babu a shago. Shi kuwa gwanin namu sai ya ce zafin rana ne, sannan ya ce farantan sola ne, sannan ya ce ƙasar wurin ce ba ta karɓar wuta. Ni ina gefe ina dariya a ciki, ina jin daɗin ganin takardar shaida tana zufa. Ban ko taka ƙauyen ba, wai ai ba a gayyace ni ba.

Da dabara ta ƙare masa sai ya nemo wanda zai ɗora wa. Ya samu labarin Baffa ya buɗe akwatin ana gobe abin zai lalace. Shi ke nan. Ya tsaya gaban dagaci ya ce ba a ba jahili makullin na'ura, duk bod ɗin da aka kawo tsohon nan ne ke bi yana lalatawa. Mutanen da mako uku suna kora shanu tafki mai nisa, mata suna ɗauko ruwa a ka, ba su da haƙurin bincike. 'Yan kwamitin rijiya, waɗanda ba wanda ya san inda ake kunna ta, suka sa ranar karɓe makulli.

Sai a lokacin kiran Babura ya faɗo mini a rai. Na hau babur da sassafe ranar da aka sa.

Na tarar an taru a gindin tankin. Na gai da dagaci na roƙi a ba ni ɗan lokaci. Injiniya ya yi murmushi ya ce a bar mai gyaran fitila ya gwada sa'arsa. Na jona wata 'yar igiya daga bod zuwa tsohuwar kwamfutata, irin wadda ke nuna abin da yake faɗa lokacin tashi. Igiyar nan tana cikin jakar injiniya ma, na gan ta, ko ledarta bai yage ba. Layi biyu na rubutu suka fito: bod bai mutu ba, jira yake a yi masa sabon lodi.

A cikin ƙafafun akwai wadda bod ke dubawa kafin komai. In ya same ta haɗe da layin negatif, ɓangaren wuta mai alamar ragi, sai ya ɗauka mai gyara ne ke son sake masa lodi, ya tsaya cak. Ƙwallon tanki kuwa, in ruwa ya yi ƙasa, abin da yake yi ke nan, ya haɗa wayarsa da negatif. Na leƙa. Jar wayar tana kan wannan ƙafar, can ƙarshen dama. Sau uku gwani yana kwafe kuskuren daga hotonsa da hannunsa, bai taɓa buɗe takardar ƙafafun ba.

Na ce, "Baffa, don Allah ƙirga mini huɗu yadda ka yi rannan."

Ya matso, ya yi bisimilla, ya ɗora yatsa a ƙafar farko ta hannun dama. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Daga dama yake karatu, da dama yake cin abinci, da dama yake shiga masallaci. Ta ina kuma zai fara ƙirga? Ni da na yi boko na ɗauka duk duniya daga hagu take farawa, ban ko ga dalilin faɗa masa ba.

Na mayar da wayar ta huɗu daga hagu, na kashe na kunna. Koriyar fitila ta fara ƙyaftawa, famfo ya yi gurnani, ruwa ya fara dukan gindin tanki. Injiniya ya ce dama abin da yake zargi ke nan. Ban ko kalle shi ba. Na juya wajen dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, ni na ba shi umarni ta salula, kuma rabin umarni na ba shi. Laifin nawa ne."

Aka ce Baffa ya riƙe makullinsa. Ba wanda ya ba shi haƙuri, kowa ya ruga ɗauko jarka.

Da aka watse na same shi yana goge ƙofar akwatin da gefen rawaninsa. Na ce, "Baffa, kwana da kwanaki ana ce maka jahili. Me ya hana ka ce ni na sa ka?"

Ya ce, "Na so in faɗa. Sai na tuna da aikin nan kake ciyar da iyalinka. In aka ce kai ka ɓata, wa zai sake kawo maka gyara?"

Ya kulle akwatin, ya mayar da makullin cikin riga, ya tambaye ni ko na karya.