Ranar da na zuba wa mota maganin ciki

Ko an tashe ni daga kabari aka ce in faɗi ranar da ta fi tsaya mini a rai, wannan Talatar zan faɗa. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina da ɗan garejina a Dogon Dutsi, kuma ni ke duba motar asibitin garin, wadda ita kaɗai ce ke kai marasa lafiya Dosso.

A makon nan na kwance mata fon, wato akwatin haƙoran da ke juya ƙafafun baya, na sa sababbin haƙora na ɗaure. Mai kawai ya rage. To fon ɗinta mai tsirfa ne, haƙoransa na tagulla, ba ya shan kowane mai sai nasa, kuma wanda aka aiko a sayo daga Yamai bai iso ba.

Da hantsi sai ga amalanke daga wajen Tibiri ɗauke da mutum. Rijiya ta rufta da mai haƙa. Ina leƙawa na ga yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ƙafarsa ta dama kamar an daka a turmi. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya ɗaure ta ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai Dosso, kuma yau.

Direban motar, dattijo mai saurin fushi, ya ruga ya kinkimo bidon, wato jarka, na baƙin man manyan motoci ya dire gabana. "Zuba mu tahi!"

Na ce, "Baba, wanga mai cin tagulla yakai. In fon ya kama bisa hanya hwa?"

"Mai ai mai ne! Ina tuƙi tun ba a haihe ka ba. Ɗan'uwanka na mutuwa kana yi muna iyayi?"

Wallahi har na ɗauki mazurari. Mutane sun kewaye ni, yayana na nishi. Da na sunkuya ƙarƙashin mota sai gwiwata ta bugi tasar da na tsiyaye tsohon man a ciki, warinsa ya bugi hancina. Na san warin nan! Shi ne na man zurman da innarmu ke matse mana hanci ta ɗura mana in ciki ya ɗaure. Sai na tuna wanda ya koya mini aiki ya taɓa cewa man irin wannan fon daga tsiro ake yin sa.

Na fito na ce, "Majo, kuna da man zurma, na wankin ciki?"

Ya dube ni kamar na zare. "Mi za ka yi da shi?"

"Mota zan ba."

Wasu suka yi dariya, direba ya ɗora hannu a ka yana salati. Kunya ta kama ni, amma na tsoma yatsa a tasar na kai wa majo hanci. Ya shinshina, ya juya da sauri. Sai ga shi da manyan kwalabe biyu, duk abin da asibitin ke da shi.

Na zuba, muka kama hanya, ina baya riƙe da kan yayana. Kunnena na ƙasa, ina sauraron kowace ƙara. Sau uku ina sa a tsaya in taɓa fon, direba na zagina. Ɗumi kawai, ba zafi. Kafin la'asar muka shiga Dosso.

An yanke ƙafar, amma yayana ya rayu, har ya aurar da jikoki.

Yau na tsufa, kuma ban san ko baƙin man nan zai kai mu ko ba zai kai ba. Abin da na sani, na kusa zuba shi ina sane da cewa ba daidai ba ne, don kawai mai furfura ya daka mini tsawa. Ka girmama babba, amma in aikin hannunka ne kuma rai na kai, buɗe baki ka faɗi abin da ka sani. Da fon ya kama a daji, ba direba ne zai je ya gaya wa innarmu ba, ni ne.