Firij Ɗina da Kifin Auta

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san abin da hakan ke jawowa. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan tana son magana da ni sai ta ce "kai", idan tana zancena da wani sai ta ce "na Birni". Na karanta bayanin wannan kunya a littattafai, na koyar da ita a aji, har maki na ba yara a kanta. Amma sanin dalili bai taɓa rage mini zafin jin yadda take ambaton ƙanena ba, autanta, masunci a Argungu: suna cikakke, da addu'a biye da shi.

Shekarar da za a yi mata aikin ido, aka yanke ta zauna wurina a unguwar Badariya, nan Birnin Kebbi, saboda kusancin asibiti. Bazara ce, irin wadda ruwan buta ke isa alwala da shayi gaba ɗaya. Na ce a raina, wannan karon sai ta yaba. Na je kasuwa wurin wani ɗan kudu da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina, na nuna wani ƙaramin firij da bai kai mini ƙugu ba.

"Wanga shina cin wuta?"

"Haba Malam! Awa jariri, ɗan kaɗan."

Da 'ya'yana da komai, na manta cewa jariri ba ya ci da yawa, dainawa ce ba ya yi.

Mitar gidanmu mai kati ce. Kafin firij, abin da na zuba farkon wata yakan kai mu ƙarshensa, da fanka da fitila da cajin waya. Bayan firij, sai wuta ta riƙa ƙarewa tun albashi yana nesa. A zafin Kebbi injin ba ya hutawa, kuma duk sanda aka ɗauke wuta aka maido, sai ya fara daga farko, kamar ɗalibin da ya manta karatun jiya. Na koma guga da dutsen gawayi. Na kashe fankar ɗakina. Nakan tsaya gaban mitar ina kallon jar fitilarta tana ƙyafta mini ido, kai ka ce ta san wani abu.

Ranar da Inna ta iso, da hannuna na kai mata ruwa a kofin gilas, jikinsa yana raɓa. Ta kurɓa, ta dafe kunci, ta juya ga matata.

"Wanga ruwa ba shi da ƙanshin ƙasa, kuma shina kama haƙori. Ba ku da randa?"

Akwai randa. Ta tsufa a lungu, ba ta taɓa cin ko kwabo na wuta ba. Daga ita Inna ta sha har ta bar gidan.

Da abin ya tsaya nan, da na haƙura. Sai labari ya kai Argungu cewa an yi firij a gidan Yaya. Ƙanena, wanda a da bandar kifi yake aikowa a kwali, sai ya koma aiko da ɗanye ta hannun direbobi: karfasa, tarwaɗa, wani lokaci yankan giwan ruwa. Inna ta sa aka kwashe robobin ruwana, aka jera kifi. Masu zuwa dubiya kuwa ba su yanke ba, kowa sai an zuba masa farfesu.

"Kai, Inna, wanga kihi awa yanzu anka hiddo shi daga gulbi!"

"Auta ya aiko. Allah shi yi mai albarka."

"Amin, amin. Ɗa ke nan!"

Ni ina daga zaure ina fifita da kwalin jarrabawa.

Na ce wa matata, "Kin san dai da wutata kifin nan yake ɗanye?"

Ta ce, "To Malam, ka rubuta a jikin kifin mana, tunda alli bai ƙare ba."

Sau ɗaya na gwada da Inna kanta. Na zauna bakin ƙofa na ce, "Inna, abin ga da kuɗi shika aiki." Ta kau da kai, ta gyara mayafi, ta ce, "Kowa da abin da Allah ya hore mai." Na daɗe ina juya jimlar, ban sami gefen da ya zama nawa ba.

Da ido ya warke aka fara ɗaure kaya, sai ta kira matata, ina tsaye a wurin.

"Ki ce mai akwatin ga na sanyi da ni za shi."

Na ce, "Inna, can bakin gulbi ai babu wuta."

"Ki ce mai ban tambaye shi wuta ba."

Aka ɗaure firij a bayan mota. A watan nan kati ya kai ƙarshe har da ragowa, na kunna fankata ina jin haushin da ban san na mene ne ba.

Da Sallah na je Argungu gaisuwa. Na tarar da firij ɗin a ɗakinta, a gidan ƙanena inda take zaune, an ɗora shi kan bulo, an lulluɓe shi da atamfar da ta fi ji da ita, wayarsa a naɗe. A ciki akwai goro, turare da maganin ido. Ɓera dai ba shi da hanya. Ƙanena ya ja ni waje.

"Yaya, ba ta bari kowa shi taɓa. Ni da kaina sai da ta buge min hannu. Duk wadda ta shigo sai an buɗe mata, a ce na Birni ya saya. Ni shekara nawa ina kawo kihi?"

Na dubi fuskarsa, na gane ta, don ita nake gani a madubi duk bazarar nan. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai kuma na tuna shi a gidansa firij ɗin yake zaune, yana ƙawata ɗaki, ba ya cin masa ko kwabo.

Da zan tafi, Inna ta buɗe ƙofar firij ɗin a hankali, ta zaɓi goro fari babba, ta miƙo ba tare da ta dube ni ba. Da ɗuminsa. Na cinye shi a hanyar komawa, kafin mu kai garin Ambursa.