Aikin da Malam Bunu Bai Gani Ba

Malam Bunu ya shekara ashirin da huɗu yana koyar da tarihi a wata kwalejin horar da malamai a Potiskum. Dogo ne, mai zafin rai, ba ya son a gyara masa magana.

Da hukumar kwaleji ta ce kowane malami ya buɗe aji a intanet ya riƙa karɓar aikin gida ta can, sai aka shirya musu bita. Malam Bunu ya zauna a baya yana gyaɗa kai. Bai gane rabin abin da aka nuna ba, amma bai yi tambaya ba, don mai koyarwar tsohon ɗalibinsa ne.

Da ƙyar ya saka wa ɗalibai tambaya. Sati biyu yana buɗe shafin, ba ya ganin komai. Ranar Litinin ya shiga aji a fusace.

"Mutum sittin da uku, ba wanda ya turo! Sifili zan ba kowa. Malalata! Ku ne za ku koyar da 'ya'yan mutane?"

Ɗalibai suka sunkuyar da kai.

Bayan an tashi, Mairam ta bi shi ofis. Malamar firamare ce daga Nangere, uwar 'ya'ya huɗu, ta dawo ƙaro karatu. Ta gaishe shi, ta rage murya.

"Allah ya huci zuciyarka, Malam. Mun fa turo. Ni sai da na shigo gari ranar Asabar, saboda sabis ba ƙarfi a unguwarmu."

Ta nemi izini ta taɓa kwamfutarsa, ta danna wani wuri daga sama da bai taɓa lura da shi ba. Sunaye suka jeru, kowa da aikinsa da ranar da ya turo.

Gumi ya karyo masa. Ya cire hula, ya mayar.

"Sauran sun san ban iya ba ne?"

"Sun sani, Malam. Nauyinka suka ji."

Kwana biyu bai leƙa aji ba, ya fake da zazzaɓi, yana gida yana duba aikin ɗaya bayan ɗaya. Ranar Alhamis ya tsaya a gabansu, muryarsa can ƙasa.

"Na zalunce ku. Laifina ne. Ku yafe mini."

Suka ce ba komai. Daga baya hannunsa ya faɗa, har yana tura musu darasi kafin ranar aji. Amma har zangon ya ƙare bai iya ɗaga ido ya dubi layin da Mairam ke zama ba.