Wa Zai Sauke Su?

Ranar da na raka ƙanena tashar Jega ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da yake har yau ba zan ce na san komai game da abin da ya faru ba.

Lokacin na gama jami'a ina zaune gida a Maiyama, ba aiki. An gama cirar albasa, matasa suna shirin tafiya cin rani, sai wani mutum ya zo yana neman masu aikin gona a can arewa, bayan iyaka. Ya ce mota kyauta, abinci kyauta. Ƙanena, wanda matarsa ke da tsohon ciki, yana cikin waɗanda suka fara amsawa.

A wurinmu ba a tafiya cin rani sai an san mai masauki, wato ɗan garinmu da ke zaune can, wanda zai karɓe ka, kuma in wani abu ya same ka shi za a tambaya. Na yi ta sauraro ban ji an ambaci kowa ba. Na ce a raina wataƙila ni ne ban ji ba, don na san ina da yawan zullumi.

Ranar kasuwa ce, tasha ta cika. Mutumin yana bin matasan da leda yana karɓar wayoyinsu, wai kada a ƙwace a iyaka. Na daɗe ina jujjuya maganar kafin na matsa na gaishe shi.

"Alhaji, don Allah a yi haƙuri, wa zai sauke su can?"

Ya yi dariya. "Ɗan boko, kai mi ya dame ka? In aiki kake so, shiga mota."

Aka yi mini dariya. Na sake tambaya ko akwai ɗan Maiyama ko na Aliero da za mu kira. Ya ce kamfani ne, kamfani kuwa ba ya da gari.

Ban iya ce wa ƙanena na tabbata ba, don ban tabbata ba. Na dai riƙe jakarsa na ce ya bari sai an ba mu suna ɗaya. Ya ce na ba shi kunya, ni da ko aikin ban samu ba. Muna cikin haka motar ta tashi ta bar shi. Har aka yi sunan ɗansa ba ya yi mini magana.

Sai bayan damina biyu ɗaya daga cikin waɗanda suka tafi ya dawo, a rame. Ya ce ba gona ba ce, ramin haƙar ma'adinai ne, da masu gadi, kuma wani aka miƙa su gare shi tun a hanya. Sauran har yanzu iyayensu ba su san wanda za su tambaya ba.

Abin da na koya shi ne, ba sai ka tabbata kake yin tambaya ba. In mai ɗaukar ɗan'uwanka ya kasa faɗin wanda zai karɓe shi, riƙe jakar, ko da za a yi maka dariya.