Lado Da-a-ce

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kada wani ya ce hassada ce ta sa ni magana. Sunansa na yanka Abdulƙadir, amma da yake ran Lahadi ya zo duniya, Lado ya bi shi. A Dutse in ka ce Lado tela ba lalle a gane ba. Ka ce Lado Da-a-ce, kowane ɗan acaɓa zai kai ka har ƙofar shagonsa.

Tela ne, in dai zama a bayan keke shi ne ɗinki. Ka kai masa yadin ƙaramar salla, ka gode Allah in ka sa da babba. Aikinsa na gaskiya shi ne haɗa damben mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba. Tun hantsi zai rataya magwaji a wuya ya fara: "Da a ce Muhammad Ali yana kan ganiyarsa ya haɗu da Tyson." Sai ya miƙe yana tsalle-tsalle tsakanin ƙyallaye yana naushin iska, wai yana nuna yadda za ta kaya. Gobe kuma Joshua ne da wani wanda ya mutu tun ba a haifi Joshuan ba. Ya san nauyin kowa, ya san tsawon hannun kowa, ya san shekarar da aka yi kowane dambe a Amurka. Marasa aikin yi suka mai da shi alƙali, wanda Lado ya kayar ya faɗi ke nan.

Wannan gwanin fa ko mari bai taɓa haɗa shi da kowa ba. Ɗan mahauta ne, amma in za a yanka kaza sai ya juya baya. Bara rago ya tsinke a gida, a kan buhunan gero muka same shi yana salati. Fankan-fankan dai ba shi ne kilishi ba.

Babanmu, Malam Arzika, mahauci ne, kuma a ƙuruciyarsa ɗan dambe ne na gasken gaske. Taɓarya makaɗa ke ce masa. Yanzu ya haura tamanin, ido ya tafi, yana ƙauyenmu a ƙasar Buji, ni nake kula da shi tun da mijina ya rasu. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Ya ji an ce ɗansa ya san 'yan damben duniya kaf, yana so ya ji inda ɗan ya ajiye shi a cikinsu.

"Khadijatu," yakan ce, "yaron nan in yana haɗe-haɗensa, ni da wa yake haɗa ni?"

Sai in ce, "Baba, rabu da shi, surutu ne kawai."

Ba zan iya gaya masa cewa a shekara ashirin na zuba Lado bai taɓa ambatarsa ba. A wurinsa damben zare ƙauyanci ne, kuma kunya yake ji a san daga gidan fawa ya fito.

Kwatsam wani gidan rediyo a Dutse ya gayyace shi shirin wasanni na ranar Asabar bayan la'asar. Ya aiko a gaya mana. Baba ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya sa na sauya wa rediyo batir. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, tsofaffin unguwa suka zazzauna. Ni ina daga zaure ina ji.

Lado ya yi ta zuba, ya kayar da wannan, ya tayar da wancan. Can wajen ƙarshe mai shirin ya ce, "Malam Lado, mu dawo gida. An ce mahaifinka shi ne Arzika Taɓarya. Da a ce shi yana kan ƙarfinsa ya sa zare da Autan Misbahu, wanda yake tashe yanzu, wa zai yi kisa?"

Na ga Baba ya gyara zama, ya matso da rediyon kusa da kunnensa.

Lado ya yi 'yar dariyar nan tasa ta masu ilimi. "Ai gaskiya ba ta da uba. 'Yan damben da ƙarfin tuwo kawai gare su, ba horo, ba dabara. Turmin farko Auta zai kashe shi. Kuma shi tsohon ai ba shi da zuciyar babban dambe. Ran da aka haɗa shi da Dogon Taura, kowa ya sani, an naɗa masa zare, ana kiɗa, ya sulale ya bar fili."

Baba ya miƙo min rediyon ya ce, "Kashe." Tsofaffin suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Ban taɓa jin tsanar mutum kamar yadda na ji ta ɗan'uwana a ranar ba.

Ina da shekara bakwai aka yi damben nan, da kaka ne, a ƙauyen da ke gaba da namu. Inna tana kan gwiwa tun asuba, haihuwa ta zo da gardama, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Ni aka tura da gudu. Na kutsa cikin taro na sami Baba an gama naɗa masa zare, kalangu na kiran Taɓarya. Na ja masa wando na gaya masa. Bai ce wa kowa komai ba, ya bi ni. Da zaren a hannu ya ɗaura shanu a amalanke ya kai Inna bakin titi, da zaren kuma ya isa asibitin Jahun. Makaɗan Dogo suka yi masa waƙar gudu, ta zaga gari-gari. Shi kuwa ba mutumin da zai tsaya gaban maza yana zancen naƙudar matarsa ba ne. Ya haɗiye, bai sake shiga fili ba, ya kuma hana mu ɗaga maganar. Lado da ya haddace ranakun damben Amurka bai taɓa tambayar wace rana aka yi wannan ba.

Bayan mako guda da shirin sai ga Lado ya zo da sabuwar hula, yana baza haƙora.

"Yaya, kun ji ni kuwa? Waya har daga Kano!"

Na ba shi hanya. Ya shiga ya durƙusa ya gai da Baba.

"Na ji ka," in ji Baba. "Ka iya magana. To yau ni ma ina da nawa da-a-ce ɗin, ka yanke min, tunda kai ne alƙali."

Lado ya washe baki. "Faɗi, Baba. Wa da wa?"

"Damben nan da ka ce na gudu, ran Lahadi aka yi shi. Uwarka na kai asibiti, kai ne a cikin. Da a ce na tsaya, wataƙila in kashe Dogo, wataƙila ya kashe ni, Allah ne masani. Amma ka gaya min, da a ce na tsaya, wa zai je rediyo ya ce na gudu?"

Lado ya cire hula. Ya juyo ya dube ni, na kau da kai. Mutumin da bai taɓa rasa hukunci ba ya zauna yana murza sabuwar hularsa.

Baba ya jira shi, ya jira, sannan ya lalubi sandarsa.

"Khadijatu, kai ni inuwa," ya ce. "Wannan ya faɗi tun turmin farko."